Irin Geron Baba Tsoho

Wata Asabar ce a cikin watan Shawwal, a ƙarshen shekarar 1968, akuyar maƙwabta ta cinye mini alkama. Shekarata tara a lokacin. Sana'ata, kamar ta yawancin 'yan matan unguwarmu ta Nakkasa a Makka, ita ce in sauko daga kan dutse da faranti a ka, in tafi bakin Harami in sayar wa alhazai alkama su watsa wa tantabaru. Ran nan ko rabin gangara ban kai ba na tarar da ƙawayena sun baje a kan wani falalen dutse suna carafke. Ni kuwa a carafke ba wadda ta kai ni a duk layinmu, kuma na san haka, shi ya sa ba na iya wucewa. Na ajiye farantin a bayana da niyyar in yi zagaye ɗaya, na yi bakwai. Da na waiwaya sai ga jar akuya ta tsoma baki, tana tauna tana kallona, ko kunya babu. Ɗan abin da ya rage ta ture shi da ƙafa ya zube cikin tsagin dutse.

Innata mace ce mai saurin hannu. Babanmu yana dako a tashar jirgin ruwa ta Jidda, sai mu yi wata uku ba mu gan shi ba, saboda haka nauyin gidan duk a kanta yake, kuma ba ta da lokacin sauraron labarin akuya. Na koma gida ina tsara ƙarya ina warwarewa. Na tarar ta sauka unguwar Tandabawi wankau, Baba Tsoho kuma, wato mahaifinta, ya tafi neman taki. Na shiga ɗakinsa, na taka tanakar ruwa, wato garwa, na sauko da goran da ke rataye a jikin azara. Na san abin da ke ciki, ba wanda ya fi ni sani. Irin gero ne, rabin duk abin da ya rage a duniya na geron kakanninmu. Ɗaya rabin yana ƙasa, Baba Tsoho ya shuka shi a farkon makon nan.

Sai na faɗi yadda geron nan ya zo Makka kafin a gane girman abin da na yi. Baba Tsoho mutumin Kwatarkwashi ne, a ƙasar Zamfara. Yakan ce kakanninsa a kan dutse suka zauna tun zamanin yaƙe-yaƙe, lokacin da zama a fili yake nufin a wayi gari an kama ka. A can sama ƙasa kaɗan ce, ana samunta a 'yan kwaruruka tsakanin duwatsu, sai suka riƙe wani gero gajere mai saurin nuna, wanda ba ya neman zurfin ƙasa. Sunansa a bakinsu gajeren dutse. Da zaman lafiya ya samu mutane suka sauko fili suka kama manyan gonaki, yawanci suka bar shi, amma gidansu Baba Tsoho ba su bari ba. Da ya yi niyyar Hajji a ƙafa, da matarsa da Inna tana goye, uwarsa ta cika masa gora da shi. Shekara tara suka yi a hanya. Duk inda damina ta riske su, a Cadi ko a Sudan, sai ya roƙi ɗan gefen gona ya shuka rabi, ya girbe, ya sabunta goran. Matarsa ta rasu a Sudan, ya bar kabarinta a garin da ko sunansa bai iya faɗa daidai ba. Da shi da 'yarsa da goran suka haye teku.

Wanda bai san Makka ta wancan zamani ba zai ɗauka gari ne shimfiɗaɗɗe. Kwari ne, duwatsu baƙaƙe sun kewaye shi ta kowane gefe, ba ciyawa ba inuwa, da rana ko ƙadangare ba ya tsayawa a kansu. Masu hali suna ƙasa kusa da Harami, talaka yana sama, kuma gwargwadon rashin takardar zamanka gwargwadon hawanka. Mu muna kusa da ƙarshe. Gidanmu sandaƙa ce, wato ɗaki na katakon akwati da tanakar da aka buɗe aka daddale, wanda da rana yake gasa mutum, da sanyin asuba kuma ya riƙa ƙara shi kaɗai. Jaki yana tsayawa a rabin hanya, daga nan sai kai da kafaɗa. Ruwa, gawayi, mai naƙuda, gawa, duk a hannu ake hawa da su ko a sauko da su. 'Yan ƙasa suna kiranmu mutanen dutse, suna gane mu ta kaushin ƙafa da ta Larabcinmu mai hawa da sauka. An buɗe makarantun 'yan mata a gari a shekarun nan, mukan ga yara da jakunkuna, amma makaranta tana son takarda. Mu namu allo ne a wurin wata tsohuwa 'yar Katsina, da safe kafin talla.

A wannan wuri Baba Tsoho ya ce zai yi gona. Mutane suka yi ta dariya, ya bar su suka gaji. Ya zaɓi bakin wani tsagi tsakanin manyan duwatsu biyu, sama da gidanmu kaɗan, inda ya lura danshi yana daɗewa in an yi yayyafi. Ya tara duwatsu ya gina katanga iya gwiwa, irin yadda ya ga kakanninsa suna yi. Ƙasa kuma ya haura da ita tanaka-tanaka daga kwari, yana haɗawa da kashin awaki da tokar murhu da sharar tsakar gida. Shekara biyu ya yi yana wannan kafin ya sa ƙwaya ɗaya. Duk gonar ba ta fi shimfiɗar tabarma huɗu ba, amma ya ja mata kunya da wata tsohuwar hauya da bakinta ya cinye, kuma in zai je sai ya ce da Inna ya tafi gona, kamar mai eka goma.

Akwai Ammu Salihu, wani Bayamane mai ɗauko ruwa daga bazan, wato matattarar ruwan unguwa, da tanaka biyu a sanda. Tun ranar da ya ga katangar ya ajiye sandarsa ya ce da Baba Tsoho wannan hanyar sail ce, ambaliyar da take gangarowa daga duwatsu. Ya ce mutumin Makka ko akuya ba ya ɗaurewa a irin wurin nan. Baba Tsoho ya saurare shi da ladabi har ya gama, sannan ya juyo ya ce da mu da Hausa: "Mu garinmu, inda ruwa ka bi, nan aka neman gona." Kuma shekara bakwai gaskiya tana gefensa. Ɗan ruwan da ake samu da sanyi yakan biyo tsagin a hankali ya jiƙa masa ƙasa, sauran kuma mu cika da ruwan wanke-wanke da na alwala, wanda ba a yarda ɗigonsa ya zube a banza a gidanmu ba. Duk shekara in gero ya fitar da kai sai ya kira Ammu Salihu ya zo ya gani, shi kuwa ya girgiza kai ya ce Allah ya tsare.

Ranar girbi ita ce sallarmu ta uku. Abin da ake samu bai taka kara ya karya ba, amma Baba Tsoho yakan fara ware zangarniyar da ta fi kyau ya sussuka da hannunsa, ya gauraya da toka saboda ƙwari, ya juye tsohon iri ya cika goran da sabo. Ragowar Inna ta daka ta dama fura ƙwarya guda. Tsofaffin dutse, na Sakkwato da na Maraɗi da na Kano, su hauro su zauna a bakin gonar, ludayi ɗaya yana zagayawa, kowa ya kurɓa ya miƙa wa na kusa. Na ga dattijo mai furfura ya riƙe furar nan a baki ya ƙi haɗiyewa. Dokar Baba Tsoho ɗaya ce, kuma ya sa na haddace ta kamar karatu: "Rabi ƙasa, rabi gora, ko ana mutuwa da yunwa." Ni ce amaryarsa, haka yake kirana, ni kuma in ce ban son miji mara haƙori. Ni kaɗai yake bari in riƙe masa goran in zai zuba.

To wannan goran na juye a faranti ran nan. Na sheƙe tokar a bayan ɗaki, na sauka da gudu. Ciniki kuwa na yi shi, don tantabaru sun fi rububin ƙananan ƙwayoyi, alhazai suka yi ta miƙo hannu, ina auna musu da gwangwanin tumatir. Kafin azahar faranti ya koma fayau. Na biya ta kasuwa na sayi duhun, geron da ake kawowa daga wajen Yaman, na dawo na gauraya shi da tokar murhu, na cika goran na toshe na mayar. Inna ta ga cinikin ya yi ƙasa, na sha ranƙwashi biyu duk da wahalar da na yi. A raina na ce gero gero ne. Na kuma yi lissafina tsaf: in an yi girbi zai juye wannan a dama fura, ya cika da sabo, ba wanda zai taɓa sani. Ba zan yi ƙarya in ce na kasa cin abinci ba. Abin da ya canja kawai shi ne na koma ɗibar ruwa kamar an aiko ni, kullum ina kan gonar ina ƙirga tsiro, har Baba Tsoho yana tsokanata wai amarya ta fara son miji.

Shuka ta kai tsawon tafin hannu lokacin da aka yi ruwan da duk wanda ya zauna Makka a shekarun nan yake tunawa, wata Laraba a farkon Zulƙida. Tun da safe gari ya yi duhu. Da aka fara yayyafi Baba Tsoho ya cire hula ya tsaya a tsakar gida, ruwa yana bin gemunsa, yana dariya yana cewa yau ya ji ƙanshin gida. Ya ɗauki hauya ya haura ya buɗe wa ruwa hanya zuwa cikin kunyoyinsa, kamar yadda kowane manomi zai yi. Ruwan ya ƙi tsayawa. Dutsen Makka ba ya shan ruwa, duk abin da ya sauka a kansa gangarowa yake yi, kuma duk na gefenmu tsagin nan ya nufa. Mun fara jin ƙugi daga sama kafin mu ga komai. Ammu Salihu ne ya hauro a guje ya rungumo tsohon ta baya ya ja shi gefe, yana ta faɗa da Larabci. Sai ga ruwan ya ɓullo, ja wur, ɗauke da duwatsu da tanakoki da katakon gidajen mutane. Katangar da aka yi shekara biyu ana ginawa ban ga lokacin da ta tafi ba.

Da la'asar ruwa ya janye. Labari ya hauro cewa a ƙasa ya shiga har cikin Harami, an kuma rasa mutane, saboda haka ba wanda yake da bakin kukan gona. Mun rasa bangon ɗaki ɗaya da tukwane. Na bi Baba Tsoho muka haura. Wurin ya zama dutse tsirara, an wanke shi tas, ko cikin cokali na ƙasa babu. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya juya ya ce da Ammu Salihu ya yi gaskiya, ya roƙe shi gafarar dariyar shekara bakwai. Baba Tsoho ya ƙara da cewa ba komai, ƙasa ana ɗaukowa, wannan karon zai gina a gefe, inda Bayamane ya nuna masa. Har ya fara auna wani wuri da ƙafa. Sai ya dube ni fuska a sake.

"Amarya, ɗauko min gorana in gani ko ruwa ya taɓa shi."

Na sauka na ɗauko. Ya zauna a kan dutse, ya cire toshiyar, ya zuba kaɗan a tafinsa ya hure tokar. Idonsa ya riga ya yi rauni a lokacin, na sa rai da wannan. Amma bai ma kai shi kusa da ido ba. Ya murza da babban yatsa, ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya sa a baki. Ya sake girgiza goran ya zuba daga ƙasa, ya murza. Ya yi haka sau uku, har ya juye duka a kan rigarsa yana tonawa da yatsa, ko ƙwaya ɗaya ta maƙale. Na sheƙe shi da kyau ran nan, ba abin da ya maƙale.

"Ina kinka kai shi?"

Na faɗa masa duka, da carafken da akuyar da tantabarun, ina kuka ina haɗiyar majina. Na so ya ɗauki sanda. Da ya doke ni da na samu abin riƙewa. Sai kawai ya ce: "Tantabarun Harami. To, ya iso inda yan nufa." Ya tattara duhun ɗin ya mayar cikin goran, ya miƙo mini ya ce in kai wa uwata ta dama mana kunu, kuma kada in gaya mata komai. Inna har ta rasu tana zaton ruwa ne ya lalata irin.

Bai sake gina katanga ba. Bai yi fushi da ni ba, wannan na tabbata, yana raba mini dabino yana yi mini addu'a kamar da. Amma tsokana ta ƙare, ya koma kirana Hajara kamar kowa. Da safe yakan fito ya zauna a ƙofar ɗaki, hannuwa a kan gwiwa, ba inda za shi. Na haura da ƙasa tanaka uku ni kaɗai na zuba a wurin da ya auna, ya ce in bari kada in karya wuyana, me za a sa a ciki. Da alhazai suka cika gari na bar talla na riƙa bin masaukin 'yan Nijeriya ina tambayar mutanen Zamfara ko akwai mai gajeren dutse. Suka yi ta dariyar yarinyar da take neman iri a Makka. Garin fura suke zuwa da shi, dakakke, wanda ba ya tsira. Baba Tsoho ya ga Hajji ɗaya bayan wannan, kafin na biyu aka sauko da shi a kafaɗa.

Na yi aure a kan dutsen, na haihu a kai. Daga baya aka kwashe mu marasa takarda aka kawo mu ƙasar da ake ce tamu ce, wadda ban taɓa gani ba. A Gusau na zauna, a nan na koyi boko da girmana. Kwatarkwashi ba nisa, na je ba sau ɗaya ba sau biyu ba. Na ga dutsen, ya fi yadda yake faɗa girma. Na bi tsofaffi gida-gida. Wani ya ce ya taɓa jin sunan a bakin kakarsa, wata ta kawo mini wani gero ta ce ko shi ne, na murza na sa a baki, sai na gane ni ma ban san yadda zan gane shi ba. Masu zuwa Umra kuma suna ba ni labari an rushe yawancin gefenmu na Nakkasa, an daidaita wurin da injuna. Gonar babu, tsagin babu, wataƙila dutsen ma babu.

Bara jikata ta samu karatun jinya a Amurka, aka tura ta aiki wani ƙaramin asibiti a yankin duwatsun da ake kira Apalaciya. Takan kira ni ta waya ta juya mini kyamarar in gani. Duwatsunsu kore ne shar, da itatuwa har sama, ba irin namu ba. Amma da ta fara ba ni labarin mutanen sai na ji kamar na san su. Ta ce a lunguna suke zaune tsakanin duwatsu, gidaje a jere a bakin rafi, kuma 'yan birni suna yi musu dariyar magana. Kakanninsu haƙar kwal suka yi har ƙirjinsu ya lalace, shi ne yawancin tsofaffin da take jinya. Ta nuna mini wani dutse da aka sare wa kai don a kwashe abin da ke ciki, ta ce in ruwa ya yi yawa lungunan nan cika suke yi su tafi da gidaje. Matasa sun watse birane, makarantu suna rufewa. Amma ta ce akwai abin da ba su saki ba. Kusan kowane tsohon gida yana da irin wakensa a kwalba, ana kiransa da sunan kakar da ta riƙe shi, kuma in an tsinko ɗanye sai a zura shi a zare a rataye ya bushe don lokacin sanyi. Wata tsohuwa da ta yi jinya ta ba ta cikin hannu na irin wakenta a ambulan, ta ce ya fi shekarun uwarta a gidansu, sannan ta tambaye ta su mutanenta me suke ajiyewa.

Shi ne ta kira ni da murnarta. "Hajiya, mu wane iri gare mu? Ina so in kai mata."

Na ce mata ba na ji sosai, layin ba kyau, za mu yi magana. Wata takwas ke nan, ta sake tambaya sau biyu, ni kuma kullum layin ba kyau. Tsohuwar can tana jira a lungunta, jikata tana jira, ni ina zaune a nan da amsar a bakina. Guda ɗaya muke da shi, kuma ni na sayar da shi gwangwani-gwangwani.